Hamma ya riƙe mu har mun girma, yanzu ya ƙi saki

Admin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani ɗan'uwa ya turo wannan ta bayan fage, ya ce a ɓoye sunansa. Ban da zagi don Allah, ban da ƙoƙarin gano ko waye. Ga abin da ya rubuto:

"Ni ɗan Gombe ne, shekaruna 27. Mahaifinmu ya rasu ina ƙaramar sakandare, ya bar mana gida da rumfar hatsi a Tudun Hatsi. Mu huɗu ne: Hamma babban wanmu, Adda yayarmu, ni, sai autarmu. Hamma ya ajiye karatunsa ya shiga rumfar. Shi ya ciyar da mu, ya biya mana kuɗin makaranta, ya aurar da Adda. Wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Damuwata ita ce har yau a idonsa ni yaro ne. Da aka tura ni bautar ƙasa kudu, bai bar ni na huta ba sai da na nemi a dawo da ni Bauchi. Yanzu ina rumfa tun safe har yamma, amma aikina ƙirga buhu da sa ido a kan 'yan dako. Ban taɓa zuwa saro kaya ni kaɗai ba. In na ce a ba ni in je Kumo ko Dukku, sai ya ce za a cuce ni a awo, ko hanya ba kyau. Kuɗin man mashin, kuɗin aski, sai na miƙa hannu. Gado ba a raba ba, in an taɓo zancen sai Dada, mahaifiyarmu, ta fara hawaye wai muna so mu watsa gida. Abin da ya sa na kasa yin shiru, autarmu ta samu gurbin karatu a jami'ar ATBU Bauchi, Hamma ya ce ba inda za ta, ta sake JAMB baɗi ta nemi jami'ar jiha da ke nan Tudun Wada, ta riƙa kwana a gida. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Ba na so in zama butulu. Ya zan yi?"

Ɗan Tudun Hatsi: Ƙanena, ka fara da gode wa Allah da ya ba ka wa irin wannan. Da yawa iyayensu na rufe ido manyan 'ya'yan suke sayar da rumfa su ƙara aure. Sannan maganar awo da yake yi maka ba ƙarya ba ce. A kasuwar ƙauye za a buɗe maka bakin buhu ka ga wake fari tas, gindin kuwa tsakuwa ce da wanda ƙwari suka huda. Za a sayar maka da masarar da ba ta gama bushewa ba, ka kawo ka jibge a sito, bayan wata guda ta rage nauyi ta yi baƙi. Akwai mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Mu da muka yi furfura a harkar nan ma ana yi mana. Ga waɗanda suka ɓoye masara a ƙarshen 2024 suna jiran tsada, kowa ya ga yadda farashi ya karye a 2025, manya-manya sun yi kuka. Jarin marayu ba abin gwaji ba ne.

Goggon Yara: To Alhaji, kai a ina ka koyi gane mudun da aka buga wa gindi? A cikin rumfa kana ƙirga buhu?

Ɗan Tudun Hatsi: Hajiya, zamaninmu daban.

Goggon Yara: Zamaninku daban amma cutar iri ɗaya ce, kai ka lissafo ta yanzu da bakinka. An cuce ka sau ɗaya sau biyu, ka waye. Shi wannan an hana shi ko a cuce shi. Yau in Allah ya yi wa Hamman nasa rasuwa, ba fata ba, wa zai riƙe rumfar? Namiji mai shekara 27 da digiri yana roƙon kuɗin aski, haba.

Matashi daga Bolari: Ni dai a ganina ka je kotu kawai a raba muku gado kowa ya kama gabansa.

Uwargida daga Pantami: Kai ma dai. Daga tambaya sai kotu? Ka kai wanda ya raine ka gaban alƙali, sannan gobe ku haɗu a tabarma ɗaya ranar suna? Uwarsu kuma ta sa kanta ina?

Baban Gida: Ba a ji ta bakin Hamman ba fa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ya taɓa ba shi kuɗi ya ɓarnatar. Kuma Allah da kansa ya ce kada a ba wa wawaye dukiya, yana nan a Suratun Nisa'i.

Malamin Islamiyya: Baban Gida, ayar da ka kawo ita ce ta 5 a Suratun Nisa'i, kuma gaskiya ce. Amma ka ƙarasa zuwa ta 6, don a can hukuncin wannan gida yake. Allah ya ce a jarraba marayu har su kai munzalin aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ku lura da umarnin farko: a jarraba su. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa ana ba yaro wani abu kaɗan ya juya, ɗan ɗan kasuwa a gwada shi da saye da sayarwa, a ga yadda zai yi. Wato waliyyi ba shi da ikon ya zauna ya ce "bai iya ba" alhali bai taɓa gwada shi ba. Gwajin nauyi ne a wuyan waliyyin, ba alfarma ce da zai yi in ya ga dama ba.

Ayar ta ci gaba ta hana a ci dukiyar da gaggawa don gudun kada su girma, ta ce waliyyin da yake mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da ya dace, kuma ranar miƙawa a kafa shaidu. Saboda haka wahalar da Hamma ya sha tana da hakki, ba wanda zai ce ya yi shekaru yana aikin banza. Amma riƙon yana da ranar ƙarewa. Wannan bawan Allah ma ya daɗe da fita daga sunan maraya, maraici yana ƙarewa ne da balaga.

Baban Gida: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma maganar yarinya fa? Ita ai ba dukiya ba ce, amana ce. Mun san abin da ke faruwa a jami'o'i.

Malama daga Bauchi: Bari in shigo a nan, don na daɗe ina hulɗa da ɗalibai mata. Wallahi waɗanda suka fi ba mu wahala ba waɗanda aka saba aika kasuwa ba ne. Waɗanda aka kulle ne. Yarinya ta zo ba ta taɓa riƙe kuɗin wata ba, a mako na farko ta cinye na wata guda a shawarma da kati. Ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba, don a gida ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba, ita dai "to" kawai ta sani. Irin wannan ce duk wanda ya ɗaga mata murya ko ya yi mata daɗin baki sai ta bi. Kuma in ta shiga matsala ba za ta kira gida ba, don ta san abin da za a ce: da ma mun faɗa, tattaro kayanki. Sai ta ɓoye har abin ya yi girma.

Ita wadda aka saba zama da ita ana shawara, ko ƙaramin abu ya faru za ta ɗaga waya ta ce Hamma ga abin da wani malami ya ce mini. Wannan ita ce kariyar da ke bin yarinya har inda idonka ba ya kaiwa.

Sannan Bauchi ba bangon duniya ba ce. Kilomita wajen 150 ne, ka bi ta Alkaleri, mota na tashi kullum. Kafin 1996 ma ai jiha ɗaya muke, iyayenmu na Gombe nan suke zuwa neman takarda da aiki.

Mai Tambaya (ta hannun Admin): Na gode ƙwarai. Baban Gida, ban taɓa ɓarnatar da kuɗi ba don ba a taɓa ba ni ba. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe a 2015, daf da ƙaramar Sallah, Hamma ne ya aike ni can in karɓo ɗinkunanmu. Allah ya sa na tsaya wajen wani aboki ban kai ba, wayata kuma ba caji. Sai dare na dawo gida. Ashe ya zaga asibitoci yana ɗaga mayafin gawa yana dubawa. Da ya gan ni bai ce komai ba, ya shiga ɗaki ya rufe. Tun daga ranar ko magariba na wuce a waje sai ya kira. Da can ba haka yake ba.

Uwargida daga Pantami: Innalillahi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan ranar ba Bagomben da zai manta ta.

Ma'aikaciyar Jinya: Yanzu ka faɗi asalin ciwon. Ɗan'uwa, Hammanka ba mugu ba ne, mutum ne da ya tsorata bai warke ba. Muna ganin irinsu. Uwa ta rasa ɗa guda da zazzaɓi, sauran ko atishawa suka yi ta kwaso su asibiti tsakar dare. Abin tausayi ne. Amma duk da tausayin sai an faɗi gaskiya: tsoron nasa ne, ku kuke biyan kuɗinsa. In ya hana ƙanwarku tafiya, wa zai yi barci mai daɗi a daren? Shi. Wa zai rasa shekara guda, wataƙila ma gurbin gaba ɗaya, tunda ba wanda ya ba ta tabbacin cin JAMB ɗin baɗi? Ita. Duk hanin da in ka auna ka ga mai hanawa ne ya samu sauƙi, wanda aka hana ya yi asara, to akwai son kai a ciki ko da mai yin sa bai sani ba, ko da da hawaye yake yi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce so duk so ne amma son kai ya fi.

Ba a kuma cire irin wannan tsoro da gardama. Ba za ka zaunar da shi ka ce hanya lafiya lau take ya yarda ba. Yana raguwa ne in ya saki kaɗan, ya ga an dawo lafiya, ya sake saki. In kuma har yanzu yana firgita cikin barci ko ba ya iya bi ta wajen kasuwar, akwai likitocin da wannan ne aikinsu, ba hauka ba ne zuwa wurinsu.

Amarya daga Tumfure: Anti, wallahi kamar da ni kike. Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Maigidana bai rage ni da komai ba, ci da sha da sutura sai godiya. Amma lambar sirrin wayata tana hannunsa, in ya dawo kafin ya ci abinci sai ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya. In ƙawata ta kira sai na sa a lasifika. Mahaifiyata tana Kumo, nan da nan, amma sai in yi watanni ban je ba, wai ba ya son in shiga motar haya, shi kuma ba shi da lokacin kai ni. In na yi magana ya ce don yana sona ne. Har na fara goge saƙon yayata ta ciki ɗaya don kada a yi mini tambaya a kan "hhh" da ta rubuta.

Baban Gida: To wannan kuma kishi ne, namijin da ba ya kishin iyalinsa ai ba namiji ba ne. Ki gode Allah.

Goggon Yara: Baban Gida, kai komai a gode Allah. Ana gode wa Allah a kowane hali, amma ba shi ke hana a ce ba daidai ba. Ka ji fa abin da ta ce: ta fara goge saƙo. Matar da ba ta ɓoye komai, bincike ya koya mata ɓoyo. Riba ke nan?

Malamin Islamiyya: Kishi kashi biyu ne a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito: akwai wanda Allah yake so, shi ne wanda yake da dalilin tuhuma, akwai wanda Allah yake ƙi, shi ne wanda ba wani dalili. Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ba a ce ban da matarka ba. A Sahihu Muslim an hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare daga tafiya don ya kama su da laifi. Wanda aka hana shi wannan, ina ga mai bin waya kullum? Zuwa gaida mahaifiya kuma, in yana tsoron motar haya, sai ya nemo lokaci ya kai ta. Ba ya yiwuwa ka rufe ƙofa biyun duka ka ce so ne.

Ɗan Kumo: Malam, ku ma ku riƙa faɗa wa mata su ji tsoron Allah. Wayar nan ta kashe aure ba adadi. Kuma mata ma suna yi, tawa in na yi wanka sai na tarar an taɓa wayar.

Amarya daga Tumfure: To ka ji daɗi da aka taɓa?

Ɗan Kumo: Ban ji ba.

Amarya daga Tumfure: Shi ke nan.

Admin: Jama'a a dawo kan maganar mai tambaya. 'Yar'uwa ta Tumfure, in kina so ki turo taki daban mu sa ta a zaure.

Tsohon Dillali: Ni tambaya zan yi wa yaron nan, kuma kada ya ji haushi. Ɗana, kana ta lissafa abin da Hamma ya hana ka. Ka taɓa zama ka lissafa abin da zai rage masa in an raba? Ku yi lissafin tare da ni. In kakanninku ba sa raye lokacin rasuwar, mahaifiyarku tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Abin da ya rage a kasa shida, maza bibbiyu, mata ɗaiɗai. Hamma zai tashi da abin da bai kai ɗaya cikin uku ba na rumfar da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki. Kai kana da digirin da aka biya daga rumfar. Adda an yi mata kayan ɗaki daga rumfar. Shi ba shi da takarda, ba shi da wata sana'a, ga iyali. Ranar da ka ce a raba, kai 'yanci ka ji, shi kuwa abin da ya ji shi ne an gama da kai, ga sallamarka.

Ban ce ya yi daidai ba. Amma son kai ba a ɓangare ɗaya yake ba. Ƙanin da yake son a ba shi girman manya, amma bai taɓa tambayar nawa ake kashewa a cefanen gida ba, bai san bashin da ake bin rumfa ba, bai san wa da wa rumfa take bi ba, shi ma yana jin daɗin yarintar, wajen aski kawai take yi masa ciwo.

Mai Tambaya (ta hannun Admin): Baba, maganar ta shige ni. Gaskiya ban san bashin da ke kan rumfa ba. Littafin yana wurinsa, ni kuma ban taɓa cewa ya nuna mini ba.

Tsohon Dillali: To daga nan za ka fara, ba daga gado ba. Ka ce Hamma, kawo littafin in riƙa rubuta maka shiga da fita, ai amfanin bokon ke nan. Wannan ba zai ji tsoronsa ba, don kana gabansa. In ya ga lissafinka yana fita daidai, ka nemi ka bi shi saro, ka yi shiru ka kalli yadda yake ciniki: yadda yake cusa hannu har tsakiyar buhu, yadda yake gasa wa ƙwayar masara haƙori ya ji ko za ta ce ƙas, yadda yake juya baya kamar zai tafi. Daga nan ka ce ya ba ka kuɗin buhu kaɗan, ya haɗa ka da dillalin da ya yarda da shi a can, ka je kai kaɗai. Haka maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi mini. Da na dawo da kayan da aka yi mini algus a ciki, bai yi faɗa a gaban yara ba. Ya sa aka zazzage buhun a ƙasa, ya ce zauna ka tsince, ka auna abin da ya rage, ka faɗa mini nawa ka saya mudu a gaskiya. Kasuwa ta gaba ya sake ba ni kuɗi. Wannan sake bayarwar ita ce tarbiyyar. Da ya ce ka gani ko, ba ka iya ba, da har yau ina ɗaukar wa wani jaka.

Kuma in Hamman yana cikin zauren nan yana karantawa, ko wani mai irin halinsa: in ka aiki yaro, ka ajiye wayar. Kada ka kira shi yana tsakiyar ciniki kana tambayar nawa aka ce, masu kaya suna ji. Ka karya masa kwarjini, gobe ba wanda zai saya masa mutunci a kasuwar.

Malamin Islamiyya: Na yarda da Baba a kan bi a hankali, amma ina da gyara. Kada a ce gado a bar shi sai wani lokaci. Jinkirin nan shi ke haifar da shari'ar da ake gudu. Yau magada biyar ne da suka san juna. In ɗaya ya rasu, rabonsa ya koma kan 'ya'yansa da matarsa ko mijinta, sai a wayi gari mutum ashirin suna da hakki a rumfa ɗaya. Kuma ba a ji ta bakin Adda ba, wataƙila tana cikin buƙata tana jin nauyin tambaya.

Abin da mutane ba su gane ba, raba gado ba dole ne ya zama watsa rumfa ba. A kira malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, da dattawan dangi, a ƙiyasta dukiyar, a yi sulhu a kan ladan wahalar Hamma, a rubuta rabon kowa da shaidu. Bayan nan duk wanda ya yarda ya bar nasa a cikin kasuwancin, Hamma ya ci gaba da juyawa, yana ɗaukar kason riba da aka amince a kan aikinsa, sauran a raba gwargwadon jarin kowa. Fiƙihunmu ya san wannan tun tuni, ƙiradi ke nan. Rumfa tana nan, jari bai karye ba, Dada ba ta ga an watse ba, amma kowa ya san nasa, kuma mai karɓa ba roƙo yake yi ba.

Tsohon Dillali: Malam, a takarda haka ne. Amma in yaron nan ya haɗa maganar Bauchi da maganar saro da maganar gado a zama ɗaya, wallahi ba zai samu ko ɗaya ba. Mutumin zai ga taron dangi aka yi masa.

Malamin Islamiyya: Ban ce a zama ɗaya ba. Na ce a sa rana.

Malama daga Bauchi: Ku dai ku fara da yarinyar, don ita ce rajista ke jiranta, gado ba ya rufewa. Kuma Baban Gida, tunda ka kawo amana: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata daga ƙauyuka suke tahowa wurinta neman ilimi, 'yan taru, kowace tawaga da jajinta, dattijuwar da ke jagorantarsu. Hanya a lokacin ta fi ta yau aminci ne? Ba su ce a zauna a gida ba, tsari suka yi wa tafiyar.

Shi ne abin da za a kai wa Hamma. Kada ku je masa da "ka bar ta ta tafi", ku je masa da tsari. Shi da kansa ya kai ta. Ya ga ko a harabar jami'ar ta Yelwa sashenta yake ko a ta Gubi, ya ga inda za ta kwana, ya san ɗakin da waɗanda za ta zauna da su. A nemo wata dattijuwa cikin dangi ko abokan arziki a Bauchi wadda za ta riƙa leƙa ta. A yanka mata kuɗin wata, a bar ta ta sarrafa. A sa lokacin waya guda a rana, ba kira goma ba. Sannan a tambaye ta ita kanta, a gabansa, me za ta yi in kaza ya faru. Bari ya ji amsarta da kunnensa. Sau da yawa ba su san ƙannen nasu sun yi hankali ba, don ba su taɓa barin su sun gama jimla ba.

Goggon Yara: Kuma kada a manta da Dada. Hawayen nan nata su ma wani riƙo ne. Mu iyaye mata mun iya wannan, ba ma hanawa da baki, sai mu yi kuka kowa ya fasa. A samu 'yar'uwarta ko aminiyarta ta zauna da ita ta nuna mata cewa rubuta rabon kowa ba rabuwa ba ne. In ta sake, rabin aikin ya ƙare, don shi Hamman ma da hawayenta yake fakewa.

Baban Gida: Ni dai har yanzu da tawa ce, a gida za ta yi. Amma in shi da kansa zai kai ta ya ga wurin, ba laifi.

Uwargida daga Pantami: Wa zai yi masa maganar? Ba ƙaninsa ba dai. Kuna da Bappa ko Kawu da yake jin nauyinsa? Kuma ba a rumfa ba gaban yaran shago, ba kuma gaban matarsa ba. A fara da yaba masa, don ya cancanta, ba don dabara ba.

Mai Tambaya (ta hannun Admin): Salam jama'a, na dawo da bayani. Na samu Bappanmu na karanta masa wasu daga cikin maganganunku. Ya kira Hamma bayan sallar Juma'a, su biyu kawai. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Abin da ya fito dai, Hamma ya ce zai je Bauchi da ita da Bappa ya ga wurin, amma bai ce ya yarda ba, ya ce sai ya gani. Littafi ya ba ni jiya ba tare da gardama ba, har da cewa da ma ya gaji da shi. Na buɗe na ga bashin da mutane suka ci na rumfa, na kasa barci. Maganar saro ya ce bari kaka ta yi. Gado ban taɓo ba, Bappa ya ce shi zai ɗauko zancen da kansa bayan an gama da na makaranta.

Malamin Islamiyya: Madalla. Ka tuna wa Bappa in ya yi shiru.

Ɗan Tudun Hatsi: Tunda littafi ya zo hannunka, fara da tsofaffin basussukan, ka ware na waɗanda suka rasu da na waɗanda suka bar gari. Amma kada ka je wa kowa tambaya sai ka shawarci Hamma. Akwai bashin da ake bari da gangan saboda mutumin yana kawo ciniki.

Malama daga Bauchi: Ku duba ranar rufe rajista tun yau, kada ku tsaya jiran "sai na gani". Ta haɗa takardunta na asali da hotuna ta riƙe a jaka ranar da za su zo, in Allah ya sa ya amince a can sai a yi komai a wuce wurin.

Amarya daga Tumfure: Admin, na turo tawa, ka duba. A ɓoye unguwar ma don Allah, na yi kuskuren sa ta a nan.

Admin: Na gani, zan sa ta da daddare.